Harbi na Bakwai

A bakin wani daji a Silesiya akwai bututun ƙarfe,
kwance, taku talatin,
mutum na shiga cikinsa a durƙushe.
Nan nake wuni, ni Gertruda Pytlik,
da littafi a hammata, fensir a bayan kunne.

Alojz ya liƙe bakin bututun da takarda,
ya murɗa famfo, iskar rami ta shiga:
ba launi, ba wari,
baƙuwar da ba ta sallama.
Tara cikin ɗari, in ji shi. A nan ta fi saurin fushi.
Muka ɗura nakiya a turmin ƙarfe,
muka ja waya zuwa bayan katanga.

Aikina kallo ne kawai.
Ƙananan tagogi a jere, gilashi mai kauri,
ina dakon abin da ba na son gani.

Harbin farko: tsawa, sai duhu. Na rubuta, babu.
Na biyu, babu.
A na huɗu Alojz ya ciro burodinsa da kitse.
A na shida wakilin kamfani ya dubi agogo,
takalmansa ba su taɓa sanin ƙurar kwal ba.
Ai ta nuna halinta, ya ce, a sa hannu mana.

Ban tanka ba.
Ina 'yar shekara tara mahaifina ya sauka da safe,
ya karɓi fitila, ya karɓi lambar tagulla.
Har yau lambar ba ta koma kan ƙusarta ba.

Na bakwai.
A taga ta biyu wani shuɗi ya ƙyafta,
bai kai farcen jariri ba,
sai ga shi a ta uku, ta biyar, ta ƙarshe,
takarda ta yage, wuta ta yi tofi a fili,
hankaki suka watse daga kan itatuwa.

Na rubuta, ta kama.
Hannuna bai yi rawa ba sai da na rufe littafin.

Da yamma na hau bas ɗin masu aikin dare.
Ba wanda ya san ni.
Wani saurayi, kwal ya zauna a idonsa kamar kwalli,
ya yi gyangyaɗi, kansa ya faɗo a kafaɗata.
Tashata ta wuce.
Na bar shi ya yi barcinsa.