Gayyar Soɗi

Tun daga Bukuru take tari.
Da muka tsaya a cunkoson Tamenos sai ta kama rawar ɗari,
allurar inji ta hau, ta sauka, ta sake hawa
kamar ƙirjin mai asma.
Ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a birki,
don kada ta mutu mini a gaban 'yan keke.

Tsohuwar Balbo ce, ta yayana marigayi,
mai tobo, shekararta talatin ba biyu.
An canza mata famfon mai a Dilimi.
An wanke nozul har sau biyu.
Wani yaro ya jona mata kwamfuta,
ya karanto lambobi, ya karɓi kuɗinsa,
ya ce, "Baba, ka sayar kawai."

A Farin Gada na sami Davou
yana shan shayi a kan tsohuwar taya.
Ya kwance fulogi ɗaya, ya ɗaga shi ga rana.
Kansa fari fat, kamar an shafa alli.
Ya ce, "Yunwa take ji."
Na ce tankina a cike yake.
Ya yi dariya har shayin ya zube.

"Malam Haladu, ka taɓa yin taron suna?
Mai gadi na bakin ƙofa yana ƙirga baƙi,
ya ce mutum hamsin, a tuƙa na hamsin.
Ashe katanga ta tsage ta baya,
'yan gayyar soɗi na ta shigowa.
Tuwo bai ragu ba, baki ne ya ƙaru.
Iskar da ba a ƙirga ba,
ita ke cinye maka mai."

Ya yanko tiyo kamu uku,
baki ɗaya a kunne, ɗaya yana yawo cikin inji,
a hankali, kamar mai neman kunama a ɗaki.
Ya ce kowa ya yi shiru.
Mai walda ya kashe wutarsa.
Ni ban ji komai ba sai bugun zuciyata,
shi kuwa ya ce akwai maciji yana huci
a ƙarƙashin manifol.

Ya fesa fetur kaɗan a wurin.
Injin ya ɗaga murya, ya daidaita,
daƙiƙa uku ya yi lafiyar da na manta da ita,
sannan ya koma tari.

Sallau, yaronsa, ya kawo gwangwanin madara,
tsumma mai baƙin mai, garwashi, famfon keke.
Suka kashe ta, suka toshe mata hanci,
suka ɗura mata hayaƙi.
Muka tsugunna muna jira.
Can sai ga shi, siriri kamar zaren ɗinki,
yana fitowa daga gwiwar wata roba
da zafi ya gasa ta tun kafin a haifi Sallau.
Tsagar ba ta fi ƙwayar acca biyu ba.

Kuɗin robar bai kai kwanon gwate ba.
Na tuna famfon Dilimi, na haɗiye yawu.

Davou ya ce kada in yi murna tukuna.
A tsaye inji zuƙa yake,
a kan hawa tobo hurawa yake,
akwai ɓarakar da ba ta buɗe baki sai an matsa mata.
Muka gangara Hawan Kibo, muka juyo.
A kwana ta biyu sai ga fito,
babban tiyo ya zame daga kilif.
Ya ɗaure shi a gefen titi, tirela na wuce mu.

Na sake taka ta.
Kujera ta tura ni ta baya
yadda take yi sa'ad da yayana ke tuƙi,
ina gefe, ina roƙonsa ya rage gudu.

Davou ya kwantar da kai, ya rufe ido.
Na ɗauka barci ne.
Sai da muka kai Riyom ya buɗe,
ya ce, "Bayan sati ka dawo in ga launin fulogi."