Hanyar da Baya Ya Haddace

A Alvani, bayan ɗakin ajiyar cuku,
muka ɗora tsohuwar motar Baba kan jak.
Ta girme ni da shekara tara.
Koriya ce a da. Tsatsa ta ɗebi rabonta
ta bar mana saura.

Otar makanike ya shige ƙarƙashi
da sifana a haƙori, ya fito yana dariya:
"Mzia, wannan ba sifirin ba ne,
ƙarfe ne da ya gaji da duniya.
Faifai uku sun tsage, ɗaya an ɗaure da waya."
Na san wayar. Ta shingen tumakinmu ce,
daren da aka haifi ƙanena aka ɗaura ta.

Kwana biyu noti ɗaya ya ƙi mu.
Mun ba shi mai, mun ba shi wuta,
Otar ya zage shi har kakansa,
sai ranar Laraba da la'asar
ya yi kukan tsohuwar ƙofa, ya saki.

Sababbin faifai, bakwai-bakwai, baƙaƙe wulik,
giris a tsakaninsu kamar man shanu a burodi,
shokozoba huɗu masu jar riga.
Da muka sauke ta, ta ƙara taƙi guda,
ta tsaya ƙiƙam kamar wadda aka yafe wa bashi.

Sai fitila.
Tsofaffin biyun sun yi yana irin ta idon Baba,
haskensu shayi ne da aka sirka.
Na ja sabuwar waya daga batir,
na ƙona yatsa, na kashe fis har biyu,
na jera huɗu farare a goshinta.
Da na kunna, karen maƙwabta ya arce,
kowace ƙusa a bango ta sami inuwarta.

Baba Tamaz na zaune kan tsohuwar taya,
sanda tsakanin gwiwoyi.
"Da ido biyu ta haye Abano sau ɗari," in ji shi.
Da naka biyun kuma, Baba,
na ce a raina, na ci gaba da naɗe waya.

Da asuba muka kama dutse,
mu je Omalo mu kulle gida
kafin dusar ƙanƙara ta toshe mashiga.
Hagu bango, dama rami, ƙasan ramin kogi
da ake ji ba a gani.
Motar na haɗiye duwatsu ba tauna.
Kofin shayi a cinyar Baba ko ɗigo bai zubar ba.
Na jira yabo.

Shiru.
Lanƙwasa goma, sha biyar, shiru.
Sai ya juyo da fuska wajena:
"Ina muke?"

Shekara arba'in bai taɓa tambayar nan ba.
Ashe tun da ido ya fara janyewa
baya ne ke karanta masa hanya:
kowane gargada da sunansa,
kowace jijjiga alama ce.
Ni kuwa da kuɗin cukun bana
na sayi laushi, na goge masa allo.

Na haska masa duniya, ba ya gani.
Na lallaɓa masa hanya, ya ɓata.

Can gaba, inda ruwa ke tsallaka titi,
fitilun suka nuna mini kwari ɓaro-ɓaro,
da wurin kaucewa, wadatacce.
Ban kauce ba.
Na saita tayar hagu, na taka mai.

Sabon ƙarfe ya shanye rabin dukan,
rabin ya isa kujera.
Shayi ya fallatsa.

"Ramin dokin Gogi," in ji Baba,
yana share wando da hularsa.
"Saura lanƙwasa shida a kai tudu.
Rage giya, yarinya.
Kuma waccan wayar, kar Otar ya yar."