Faɗin Maƙogwaro

Tun da likita ya cire masa murya,
Baba Valdomiro da alli yake magana.
Daɓen garejinmu na Ribeirão shi ne allonsa,
ni kuwa Neide, autarsa, ni ce bakinsa.

Ga Opala a kan rami, 'yar saba'in da huɗu,
ja wur kamar barkono,
ta Irineu mai gidan burodi.
Ya ɗora mata zugazugi a ka,
mai ɗura wa inji iska har wuya,
wai sai ta ci tseren Lahadi.
Amma bututun man da ke cikinta
na haihuwa ne, milimita takwas,
tun tana kai amare coci a hankali.

Baba ya tsuguna, gwiwa ta yi ƙara.
Ya rubuta: dawaki ɗari biyar.
Ya rubuta: man rake,
ya zagaye shi sau biyu,
don man da ake tatsa a gonakin bayan gari
ba ya riƙe cikin inji kamar fetur.
Abin da kofi uku zai yi, shi sai huɗu da ɗori.

Irineu ya ce, ai tana tashi lafiya,
ku ji yadda take gurnani!
Baba bai rubuta komai ba.
Ya miƙa hannu kan kanta
ya ɗauko tsohon fistan mai huji a tsaka,
ya kara shi a ido, ya leƙi mai burodi ta ciki.

Na san labarin, sai na faɗa.
Tasa motar ce, kafin a haife ni.
Saura taku kaɗan a kai layi
allurar geji ta sunkuya.
Iska ta cika ɗaki, mai bai iso ba,
wuta ta yi fari don yunwa
ta cinye kwanon da aka zuba ta.

Na ce to Baba, in faɗi ne magani,
mu sa mata ashirin mu huta.
Ya harare ni.
Ya cika tiyon wanki da ruwa, ya riƙe shi a kwance,
ya zabura gaba, tsoho da shi,
ruwan ya komo baya ya jiƙa mini takalmi.
Haka mai ke yi in mota ta fizga:
in ya yi yawa sai ya jingina da famfo
kamar ƙato a kafaɗar yaro.

Muka auna daga tanki zuwa inji,
mita huɗu da rabi.
Ya ƙirga kwanoni da yatsa, bakwai,
kowace kwana ɓarauniya ce, tana yagar rabonta.
Ya share uku da tafin hannu.
Sannan ya rubuta: sha biyu tafiya, goma dawowa.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Da dare na same shi a kicin
yana jan romon wake da siririn tsinke,
jijiyar wuya ta tashi, kwano bai ragu ba.
Na tsallaka wajen Zulmira mai ruwan rake
na roƙo irin nata, mai faɗi.
Ya juya shi, ya leƙa cikinsa,
ya lakaci alli a aljihu
ya rubuta a kan tebur: nawa?
Na ce ban auna ba.
Kafaɗunsa suka girgiza. Dariyarsa ke nan yanzu.

Ran Lahadi Irineu ya zo na uku.
Bai dame mu ba.
Ni geji na sa shi ya kalla,
ya ce allurar ko gezau, tun daga tashi har layi.
Baba ya goge alli a wando
ya koma gida ya shanye kwanonsa tas.