Mai Riƙe Agogo a Bakin Kogi

Ni ne mai riƙe agogo.
Tun da masaƙa ta rufe ƙofa a Kakuri
ba abin da ya rage mini nata sai shi,
da usur ɗin da nake kiran canjin aiki.

Kulob muke ce wa wurin, don a ji girma.
Rumfar kwano ce a gindin giginya biyu, ƙasan Kabala,
benci uku, ɗaya gurgu,
da littafin kuɗin wata da Laraba ke ajiyewa
kusa da kaskon suyar kifi.
Shi ya sa duk mai bashi
sunansa na da tabon mai.

Teku kam a talabijin muka san ta.
Namu kogi ne, ja wur bayan ruwan Satumba,
ya cika ya batse har yana lasar gonar rake.
Kwalekwale bakwai, kowanne da gora a tsaye,
kowanne da rigarsa,
haka muke kiran abin da ke kama mana iska.
Dogara tela ya ɗinka su da buhunan taki,
in sun kumbura sai ka karanta nauyin kilo
daga nan tsallake.

Ndagi ya zo da sassafe, bai gai da kowa ba,
ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama.
Ishaya ya haye daga kudu da takalmin coci a hannu.
Talle mahauci ya ɗaure akuyar gasa a jikin benci,
ta fara da tutarmu.

Na busa.

Iska ta shiga buhu kamar mai biyan bashi.
Daga giginya zuwa ƙafar gada, a kewayo, a dawo.
Yara na bin gaɓa a guje,
masu wankin babur sun bar kumfa na bushewa.
Ndagi a gaba, kamar kullum,
shekara huɗu ba wanda ya ga fuskarsa a tsere,
sai ƙeya.
Can baya Asibi, 'yar Laraba,
cikin tsohon jirgin da muke zuba ƙusa a ciki,
tana tuƙi da hannu ɗaya,
ɗayan na kwarfe ruwa da gwangwanin madara.

A ƙafar gada ruwa yana da wani juyi.
Kowa ya sani. Ishaya ma ya sani.
Gora ta kwanta, riga ta sha ruwa,
muka ga cikin jirgi yana kallon sama.
Laraba ta saki matsami.
Ni kuwa na manta da agogo,
na tsinci kaina cikin ruwa har gwiwa, ina busa usur
kamar kogi zai tashi daga aiki.

Ndagi ya juya.
Ba wanda ya kira shi, ƙeyar nan ce kawai ta zama fuska.
Sauran suka bi, jirgi biyar suka yi zobe,
aka jawo Ishaya ta wuyan riga
yana tari, yana tambayar takalminsa.

Asibi ba ta ga komai ba, kanta na ƙasa, tana kwarfa.
Ta kewaya gada, ta dawo, ta daki gaɓa,
ta ɗago: ina mutane?

An yi gardama har magariba.
Talle ya ce a sake, Dogara ya ce ai doka ba ta ce ba.
Ndagi yana matse wando, ya ce a ba yarinya akuyarta.
Ta ce ba ta da inda za ta ɗaure, a yanka.

Aka tambaye ni minti nawa.
Na duba. Ruwa ya shiga gilashi,
hannun ya tsaya a huɗu saura kwata.
Haka na rubuta a littafi, kusa da tabon mai,
Ishaya na riƙe mini tocila.