Goma Sha Ɗaya na Zama

Wata Laraba kuran ya ɗauke a Katako,
ina gyangyaɗi bisa keken ɗinki,
sai ga Madam Tuyet, ƴar guntuwar tsohuwa da laima.
Ta zana da'ira a bayan takardar siminti:
"Irin wannan. Goma sha ɗaya.
Audugar rimi za ka cusa, ban da soso,
ka danna har ta yi tauri kamar goriba."
Na ce, matashin kai? Ta ce, na zama.
Na ce jika bibbiyu. Ba ta taya ba.
Wanda bai taya ba a Katako
ko waliyyi ne, ko baƙo.

Na kai su Yantala a bayan kabu-kabu.
Ƙofa shuɗiya, lemun tsami a tsakar gida,
takalma jere a bakin ɗaki.
Mutum-mutumin Buda bai kai butar shayi ba,
ido a lumshe, yatsu na taɓa ƙasa
kamar manomi mai duba ko ruwan jiya ya isa shuka.

Kosi, ɗan Togo mai gyaran firji,
ya ƙwanƙwasa wata ƴar tasar tagulla.
Ƙarar ta tashi, ta sirance, ta ɓace,
suka bi bayanta da shiru.
Ni kuwa ina tsaye, jiran cikon kuɗina.
Minti arba'in ba wanda ya ce uffan.
Ƙuda ya sauka a hancin Nimal, injiniyan ruwa,
ya gama harkarsa, ya tashi don kansa.
Da lissafi na shigo,
sai na tsinci kaina ina sauraren numfashina
yana shiga, yana fita,
allura a ƙyalle, ba mai taka keke.

Can suka buɗe littafi da Faransanci,
suka yi ta ja-in-ja a kan kalma guda.
"Tela, yaya Hausa ke kiran
son da ba ya jiran a rama?"
Na ce alheri. Suka ce, ya yi kusa.
Na ce jinƙai. Suka ce, saura kaɗan.
Na ce, to, kakata a Tawa ba ta raɗa masa suna ba,
randa kawai take girkewa a ƙofar gida, da moɗa,
ba ta leƙa wa ya sha.
Madam ta rubuta a gefen shafi: randa.

Maƙwabcina mai sayar da zare ya ce,
"Arzika, ka yi hankali da mutanen nan."
Na ce ina yi.

Damina ta biyu Mantai ta kwanta a babbar likita.
Kwana tara ina cikin masu jinya,
kwali ne shimfiɗa, sauro ne abokin hira.
Ran Asabar wata tsohuwar mota ta tsaya,
aka sauke tukunya biyu, shinkafa da wake.
Ba wa'azi, ba mai ɗaukar hoto.
Na ja rawani na rufe fuska don kunya.
Kosi ya miƙo mini kwano, bai ɗago ido ba,
ya ce a hankali, "Tela, da yaji ko babu?"

Duk shekara sukan dawo mini da su in ƙara auduga.
Kowanne da raminsa, na san mai shi:
na Nimal ya lotsa ta gaba,
na Kosi da tabon man inji.
Bana Kosi ne ya kawo, shi kaɗai.
Ya ware guda gefe, ya ce,
"Wannan kada ka taɓa cikinsa, bakin kawai za ka ɗinke."
Raminsa ƙarami, ya karkata hagu.
Ban tambaya ba. Laimarta na hannunsa.

Na ɗinke, na ƙi karɓar ko dala.
Ladan ya kira la'asar, na yi alwala, na bi sahu.
Bayan sallama jama'a suka watse,
na ɗan ƙara zama a tabarma.
Keke na can yana jira. Ya jira.