Zomon Tsumma

Ɗan Tanimu ya aiko hoto mai motsi daga Ailan,
can inda yake wanke ɗakin karnuka ana biyan sa.
A gindin ɗorawa aka kawo mini wayar,
ina cikin cire wa Tsinke kaska a kunne.

Na ga fili zagayayye, an shimfiɗe shi da yashi,
fitilu sun kore dare kamar ba a taɓa yin sa ba.
Karnuka shida a akurkin ƙarfe,
kowa da rigarsa, kowa da lamba,
baki da takunkumi kamar jaki a gonar gero.
Ciki a shafe, ƙafa sillen kara.
Na ce, ai waɗannan dangin Tsinke ne,
ƙoshi kawai suka fi shi.

Aka buɗe ƙofa.
Kafin in gyara zama har an gama.

Yaron da ke riƙe da wayar ya ce,
Baba Nomau, abin fa da hukumarsa,
da likita mai auna fitsarin kare,
da littafi mai sunan uwa da na kaka,
da kofin da ake ci shekara-shekara.
Na ce, mu ma muna da hukuma,
Sarkin Dawa Jatau ne da ƙahonsa mai tsaguwa.
In an kwashe shinkafa a fadamar Miga
shi ke busawa a saki igiya,
dokarsa ɗaya ce, ba a rubuta ta ba:
karen da ya fara kayarwa, maigidansa ke da cinya,
mai gardama ya je ya tambayi zomo.
Shekarar da Tsinke ya tsere wa Ba-ruwana na gidan Cindo,
Cindo bai amsa gaisuwata ba har aka yi shuka.

Na ce a mayar baya in ga naman.
Aka mayar.
Ashe tsumma ne a kan ƙarfe, lantarki ke jan sa,
an auna masa gudu yadda haƙori ba zai taɓa shi ba.
Gobe a sake sakin su,
su sake bin sa da gaskiyarsu.

Ban yi dariya ba, ko da yara suka yi.

Shekara bakwai ke nan ɗan Tanimu
yana cewa baɗi zai dawo, saura kaɗan ya cike.
Tubalin ɗakinsa ya sha damina uku a tsaye,
kwanon rufin yana jingine a zaure, ya fara tsatsa.

Da dare na fito duba awaki,
na tarar da Tsinke kwance a tokar murhu,
ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari,
ƙafafunsa na harbawa cikin barci.
Ban tashe shi ba.
Shi dai abin da yake bi,
ya san ɗuminsa a baki.