Usur a Aljihu

Shekara uku ni ke riƙe da yaran Kurfayawa,
ni Nomau mai facin taya,
ba takarda, ba albashi,
sai usur na dala ashirin da muryar da Allah ya ba ni.
La'asar sakaliya in rufe rumfa,
in aza dutse biyu nan, biyu can,
raga ta samu ke nan.

Na san su ciki da bai.
Na san Sahabi ba ya gudu
ran da ba a hura wuta gidansu ba.
Na san Attawel, rabin idonsa na kan hanyar tasha,
ubansa na Abijan, damina huɗu ba saƙo.
Na san mai takalmin aro,
wanda sai wansa ya dawo lakwal yake zuwa.

Sai dai akwai Illo.
Illo nawa ne, lamba tara.
Ƙafa ta yi nauyi, lamba tara.
Ya zubar da ci uku, lamba tara.
Ina jin iyaye bayan katanga:
mai rabon nama ya san inda tsoka take faɗuwa.

A gida kuwa ni ne dodonsa.
Tuwo na huce mana a akushi
ina lissafa masa kurakuran yamma,
yana haɗiyar loma kamar tsakuwa.
Uwarsa ta ce, a bar wa fili abin fili.
Ban ji ba.

Wata Asabar aka zauna gindin dogonyaro:
kowane gida jika guda a wata.
Aka ɗauko Hamani daga Yamai,
yaro ne, gemu bai haɗe ba,
da takarda mai hatimi, da agogon awon gudu a wuya,
da ƴan mazuraran roba ja
da yake jerawa kamar kashin tumatir.
Hausarsa da gishirin Zabarmanci.
Aka ce mini an gode, Allah ya saka.
Na sa usur aljihu,
ya yi mini nauyin jak ɗin mota.

Mako biyu ban taka filin ba.
A na uku na laɓe bayan amalanken albasa.
Me zan gani?
Illo cikin raga. Tsaron gida. Ɗana!
Har na ɗaga ƙafa zan fito
sai ƙwallo ya taso da zafinsa,
yaron ya bar ƙasa, ya miƙe, ya cafe,
ya faɗi cikin rairayi yana dariya.
Dariyar nan,
shekara uku ina tsaye kansa, ban san yana da ita ba.

Kashegari Hamani ya zo rumfa,
ya zauna bisa tsohuwar taya.
Ya ce, Baba, Sahabin nan,
agogona ya ce malalaci ne, idona bai yarda ba.
Na ce agogonka ba ya shiga madafa.
Na ba shi labarin gidan.
Ya rufe littafinsa, bai rubuta kome ba.

Yanzu ni ke kawo jarkar ruwa,
da ƙosai naɗe cikin takarda
da nake mantawa kusa da rigar Sahabi.
Har gobe ina ganin yawan mai da ƙwallo baya
da Hamani ke sa su, ɓata lokaci ne.
Kuma wata ya yi nisa, jikunan ba su cika ba,
ban san ko zai kai damina ba.
In ya tafi, usur na nan.

Jiya muna komawa ta bakin tabkin Babaye,
Illo bayan keke, ya riƙe ƙuguna.
Ya ce, Baba, ka ga wanda na kaɗe?
Gyara ta cika mini baki:
ka fito da wuri, ka bar kusurwa buɗe.
Na taka feda sau uku.
Na ce, na gani.